Yadda ƙwaƙwalwa take gane kyawun zane

Duk lokacin da na tsaya gaban zanen da ke jikin ƙofar fadar Sarkin Zazzau, zuciyata takan yi na'am da shi tun kafin in iya faɗin abin da ya burge ni, kuma wannan lamari ya daɗe yana ba ni mamaki. A 2011, Semir Zeki da Tomohiro Ishizu, masu bincike a Landan, sun ɗauki hoton ƙwaƙwalwar mutane yayin da suke kallon zane da sauraren kiɗa, suka gano cewa wani sashe da ke saman kwarmin ido yakan ƙara aiki gwargwadon yadda abin ya yi wa mutum kyau. Sashen ɗaya ne ga ido da kunne.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne tasirin sabo, domin tun 1968 Robert Zajonc, masanin halayyar ɗan Adam, ya nuna cewa yawan ganin abu yana ƙara mana son sa. Ni da na taso ina ganin dagi a bango da aska takwas a gaban riga, ba zan kalli ƙofar nan kamar baƙon da ya zo daga Faransa ba.