Daga Kura zuwa Sutton: tafiyata gwanjon tantan a Ingila

Haro ne ya kai ni Ingila, wallahi ba wani abu ba. Duk wanda yake noma a yankinmu na Kura da Kadawa ya san wulaƙancin da ake sha in lokacin gyaran gona ya zo, ka biya kuɗi tun sati biyu baya, direban tantan ya ce gobe da asuba yana gonarka, goben ta zama jibi, jibin ta zama gata, kafin ya zo maƙwabtanka har sun yi dashe kai kana nan kana bin sa a waya. Shekara uku ina cewa sai na mallaki tawa. Sabuwa dai ko tayawa ban yi ba, na san aljihuna. Ana haka ɗan yayata da ke aikin jinya a Peterborough ya ce min Kawu ai nan kusa da mu ake gwanjon taraktoci duk wata, ka zo ka gani da idonka mana, ka daina ba dillalai kuɗinka suna turo maka hoto.

Muka haɗa kuɗi ni da ƙannena biyu, na sayar da shinkafar da na ajiye da wani ɗan fili, na je Wapa na canza. Nuwamban 2024 ne, lokacin fam ɗaya ya haura Naira 2,000, ka kai kuɗi cikin jakar bakko a miƙo maka abin da bai cika ambulan ba. Zancen biza kuma na bar shi, wannan labarin wata rana ne.

Daga Abuja muka tashi, awa shida da 'yan kai muka sauka Heathrow. Yaron yana aikin dare bai samu zuwa tarbata ba, sai ya rubuto min komai a WhatsApp kamar ana aiken ƙaramin yaro kasuwa: ka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa layin Piccadilly kar ka sauka ko'ina sai King's Cross, daga nan ka hau na Ely. Haka na yi. Awa ɗaya da 'yan mintuna ne zuwa Ely, ana bi ta Cambridge, kuma tun da muka wuce Cambridge na manne da taga don abin da na gani manomi ne kawai zai gane. Ƙasa shimfiɗe kamar faranti, ba tudu ba dutse, baƙa wuluk kamar an zuba gawayi, magudanan ruwa miƙe sambal kamar an ja da zare. Fens suke kiran yankin. Wai da can fadama ce da ruwa ya shanye, a ƙarni na 17 aka kawo wani injiniya ɗan Holan, Cornelius Vermuyden, ya haƙa manyan magudanai aka janye ruwan, har yau kuma da famfo suke fitar da shi don wasu wuraren sun fi teku ƙasa. Mu muna neman yadda za mu kawo ruwa gona su suna neman yadda za su kore shi. Dankalin turawa da albasa da alkama da wani gwoza da suke yin sukari da shi, su na fi gani. Can nesa kuma ga majami'ar Ely, wadda aka fara gininta tun 1083, tana tsaye ita kaɗai a sararin nan har suna mata laƙabi da jirgin ruwan Fens.

Sanyi kam ban taɓa jin irinsa ba, hunturunmu wasan yara ne. Ga rana ba ta da auki, wajen ƙarfe huɗu ta faɗi, azahar da la'asar da magariba duk a tsukuke, ka idar da wannan kafin ka sha shayi waccan ta shigo.

Ranar Litinin da sassafe yaron ya ɗauke ni a motarsa zuwa Sutton, wani ƙauye ne kamar kilomita goma yamma da Ely. Kamfanin Cheffins ne ke gudanar da gwanjon, tsohon kamfani ne tun 1825 yake, kuma wannan kasuwar tasu ta wata-wata tana cikin mafi girma a Turai. Da na shiga filin sai da na tsaya cak. Taraktoci layi-layi iya ganinka, ja da kore da shuɗi, can gefe garmuna da haro da tireloli da injinan haƙa, kowanne an manna masa lamba. Aka yi min rajista da fasfo aka ba ni tawa lambar ta tayi.

Ni fa da na taho a raina turawa sun gaji da tsofaffin tarkace suna neman wanda zai kwashe musu, ni kuma in tsinci dami a kala. Minti goma ban yi a layin Massey Ferguson ba na gane na yi wauta. Manyan John Deere da Fendt na zamani masu kwamfuta da allo kamar jirgin sama suna can turawa na zagaya su, amma layin tsofaffin Massey ɗin nan, 165 da 290 da 390, nan duniya ta taru. Na ji Larabci, na ji Urdu, na ji Yarbanci, na ji wasu harsunan da ban san na ina ba ne, kowa ya durƙusa ƙarƙashin inji da tocila. Ina cikin leƙen wata sai na ji an ce sannu da aiki Alhaji, na waiwaya a firgice, ashe wani dattijo ne ɗan zangon Kumasi, hulata ya gani. Ya ce shekara da shekaru yana zuwa yana kai wa manoman Tamale. Shi ya warware min abin: ai Alhaji duk dalilinmu ɗaya, wadda bakanike zai kwance a gindin bishiya ya mayar muke nema, shi ya sa ba sa arha.

Gaskiya ya faɗa. Waɗancan na zamanin in suka sha gas ɗinmu mai ruwa da datti nozul ɗinsu ya tafi, wasu har wani ruwa na daban ake zuba musu mai suna AdBlue don rage hayaƙi, in ya ƙare injin ya rage ƙarfi da kansa, kuma in ta yi gardama sai an jona mata kwamfuta. Wa zai jona maka kwamfuta a Kadawa? Ita kuwa 290 da 390 injin Perkins ne mai silinda huɗu, ƙarfin doki wajen 80, ba ruwansa da lantarki in ban da batir da sitata. Kayan gyaransa kuma ba wahala a Kano tunda su 375 ɗin da muka saba da su, waɗanda ake haɗawa a Lahore ta Pakistan, duk dangi ɗaya ne. Abin dariya ma kamfanin Perkins ɗin a Peterborough yake, garin da ɗan yayata ke zaune, tun 1932, kullum yana wuce shi bai san shi ne ubangidanmu ba.

Na kira bakanikena ta bidiyo, yana garejinsa a Kura yana gumi ni ina nan haƙorana na haɗuwa. Wata 390 ce ta shiga raina, fenti ja yana ƙyalli, tayoyi sababbi. Ya ce Alhaji ka rabu da fenti, fenti ba ya haro, fara ɗora hannunka a kan injin. Na ɗora, sanyi ƙalau. Ya ce yawwa, haka ake so, a tayar da ita a gabanka tana sanyi, don mai ciwo in ta yi ɗumi ɓoye ciwonta take. Aka tayar. Ya ce nuna min salansa. Ya ce baƙin hayaƙi na ɗan lokaci ba komai, shuɗi ne mai cewa tana shan baƙin mai, fari kuma in ya ƙi ɗaukewa to a yi zargin ruwa na shiga. Ya sa na zaro sandar awon mai na murza a yatsa ya ga ko ya yi kalar shayi da madara, ya sa na buɗe lagireto, ya sa na kara tafin hannu a bakin bututun numfashin injin, wai in yana huci da ƙarfi ringi sun gaji. Sai haidirolik, a ɗaga hannayen baya a kashe inji a ga ko za su zube. Da na karanto masa awannin da ke kan agogon ya yi dariya ya ce wannan agogon ko ni sai in mayar maka da shi baya, duba fedar kuloci da ta birki, yadda ƙafa ta cinye su shi ne shekarun gaskiya. 390 ɗin ta ci jarrabawa. Muka duba wasu huɗu, ya kayar da uku, ya ce in sa ido a kan wata 290 mummuna da tsatsa ta ci mata fukafukan taya, gilashin ɗakin direba ɗaya a fashe, kujera a yage, wai shi muryarta ta yi masa.

Yadda ake cinikin shi ne ya fi ɗaure min kai. A kasuwar shanu ta Wudil ranar Juma'a ka taya, mai saniya ya ce albarka, ka zaga ka dawo, dillali ya ja ka gefe, a yi awa guda kafin a ce an sallama. Nan ana tuƙo tarakta ta gaban jama'a, mai gwanjo yana zuba lambobi da baki kamar ana soya gyaɗa, kafin minti ɗaya ko biyu guduma ta sauka an shigo da ta gaba. Albarkar ma akwai ta amma a ɓoye take, mai kaya ya riga ya faɗa wa kamfani kuɗin da ba zai sayar ƙasa da shi ba, in tayi bai kai ba sai ka ga an wuce da ita. Kuma ba ka ganin masu tayin sosai, wani gira kawai zai ɗaga, wani ya ɗan motsa takarda. Ga kuma na intanet, mutum yana kwance a ɗakinsa a wata ƙasa yana danna waya yana ƙara maka kuɗi.

Na yi wa ƙannena alkawari ba zan wuce fam 9,000 ba. Da 390 ɗina ta shigo kafin in ɗaga katina sau biyu an wuce nan, amma zuciya ta ɗebe ni na ce 9,500, na intanet ya ƙara, hannuna ya sake tashi da kansa, yaron nan ya danne min shi ya ce Kawu don Allah, har da kuɗin ƙannenka ne fa. Ta tafi a 10,600 ga wani da ko inuwarsa ban gani ba. Na ji haushin yaron na kusan minti biyar.

Mummunar kuwa da ta shigo mutane ba su yi mata rububi sosai ba, mu uku muka ja, ɗaya ya saki, na biyun ya yi ɗan jim ya girgiza kai, guduma ta sauka a kaina a 7,400. Dattijon Kumasi ya miƙo min hannu ya ce Allah ya sa albarka, ka sayi inji ka bar musu fenti.

Sai ofishin biya, inda na gane ashe ban iya lissafi ba, kuma laifina ne don yaron ya turo min ƙa'idojin tun ina gida ban karanta ba. Akwai la'adar kamfani a kan kuɗin guduma, sannan harajin VAT na Ingila kashi 20 cikin 100, wanda mai fitar da kaya waje yake ajiyewa sai ya kawo shedar cewa kayan sun bar ƙasar a mayar masa. Kuma yadda ka gan ta haka ka saye ta, ba a dawo da kaya. Harona da na ƙyalla ido a kai tun safe nan na yi masa sallama. Da ace na ci waccan 390 ɗin ban san inda zan sa kaina ba.

Wani ɗan Ibadan da ya sayi guda uku ya ce in shiga kwantenarsa mu raba kuɗi, ya haɗa ni da masu lodi. Su sukan wanke tarakta tas kar ta tafi da ƙasar gona, su cire tayoyi da salansa da ɗakin direba don su cusa da yawa a kwantena mai ƙafa 40. Suka tambaye ni ko a sako ɗakin. Tun 1970 dokarsu ta tilasta sa wa sababbin taraktoci kariya saboda kifewa, daga baya aka koma ɗaki rufaffe, kuma a sanyin nan nasu ni'ima ne, amma na tuna Kadawa a watan Afrilu da akwatin gilashi ba AC na ce su bar shi nan, ba gasa direba zan yi ba.

Kafin in taso na samu Juma'a a masallacin Cambridge da ke Mill Road, wanda aka buɗe a 2019, ginshiƙansa na katako ne da aka saƙa kamar rassan bishiya, na daɗe ina kallon sama har na kusa manta da nafila. Na so in je Coventry in ga masana'antar Massey Ferguson ta Banner Lane da sunan garinta ke jikin farantin taraktata, yaron ya ce Kawu ai tun 2002 aka daina ƙera tarakta a can, gidaje ne yanzu a wurin. Sama da miliyan uku suka fita daga nan tun 1946.

Kwantena ba ta fito daga tashar Legas ba sai Fabrairu, alkama ta riga ta wuce ni, abin da aka sha a hannun masu fito kuma ba zan fara ba. Ranar da tirela ta sauke ta a Kura yara suka taru suna dariya wai Alhaji ya je har Ingila ya sayo gwangwan. Bakanikena bai ce uffan ba, ya ɗaura tayoyi, ya canza baƙin mai da filta, ya fitar da iska daga layin gas, ya sa batir ya murɗa, bugu ɗaya ta tashi. Ya kara kunne jikin injin ya daɗe, sannan ya ɗago ya ce a kira mai walda ya yi mata rumfar kwano, kuma in nemo haro ko na aro ne kafin Asabar, don mutum shida sun riga sun kawo masa kuɗin shinkafar rani.