Godiya ga makaɗanmu da duk wanda ya zo kallo ranar Asabar

Assalamu alaikum jama'a. Alhamdulillahi an yi taro an tashi lafiya, Allah ya saka wa kowa da alheri.

Da muka ce za mu haska The Kid na Charlie Chaplin, fim ɗin 1921 da babu magana babu sauti a ciki, makaɗa kuma su zauna ƙasan allo suna bin sa da kiɗa, da yawa sun ce wa zai zo kallon baƙi da fari a wannan zamanin. To ai tun asali haka ake kallonsa, kafin fim mai magana ya fara fitowa a 1927 gidan silima mai kaɗa fiyano yake ɗauka, manyan gidajen ma ƙungiyar makaɗa guda suke ajiyewa.

Babbar godiyata ga makaɗa take. Baba mai kalangu, wallahi ka gama mana komai, idonka na kan allo hannunka na kan tsarkiya kana bin tafiyar nan ta Chaplin taku bayan taku, wajen da yaron yake jifan tagogin mutane ya arce shi kuma ya ɓullo da gilashi a baya wai mai gyara, yara har faɗowa suke daga benci don dariya. Sai malam mai goge, da ma'aikatan gidan marayu suka jefa yaron a bayan mota yana miƙo hannu yana kuka, Chaplin na bin rufin gidaje da gudu, kai ka ja gogen nan a hankali kalangu ya yi shiru, na ga iyayenmu mata suna share hawaye da bakin mayafi. Ba takarda a gabanku ba komai, kuma ko sau ɗaya ba ku rufe fim ɗin da kiɗa ba, wannan shi ya fi burge ni.

Ƙanenmu da ya riƙa karanto rubutun allo da Hausa, sannu da ƙoƙari, wani dattijo ya ce ka tuna masa da mai sharhin majigi na da.

Waɗanda suka ba mu aron fili da kujeru da janareta, da Hajiya da ta aiko da zoɓo, Allah ya ƙara buɗi. Waɗanda suka tsaya a tsaye ku yi haƙuri, in sha Allah na gaba za mu nemi wuri mai faɗi. Wanda ya ɗauki bidiyon wajen gogen nan don Allah ya turo min, makaɗan suna son gani.