Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Ranar da Zazzaɓin Auta Ya Sauka

"In zazzaɓi ya sauka ai an gama." Maganar Hajiya kenan, mahaifiyar maigidan, kuma wallahi har gobe in na tuna sai ƙirjina ya yi nauyi. Makon jiya na tsaya a dawowarmu Kurna, shekarun da suka biyo baya ba komai cikinsu sai rigimar haya da sayen ruwan 'yan garuwa, bari in wuce.

Auta na shekara 9, ƙarshen damina. Dare ɗaya zazzaɓi ya rufe shi, jiki kamar garwashi, yana kuka wai bayan idonsa ke ciwo, gaɓoɓi kamar ana sara. Mai kemis ɗin layinmu ko gwaji bai yi ba ya haɗo mana maganin maleriya da ibuprofen. Rana ta biyar jikin ya yi sanyi, Hajiya ta ce ai kin gani, an gama. Ni kuwa ina kallon yaro ya yi laushi, ya riƙe ciki, amai ba tsayawa, da ya kurkure baki sai ga jini a dasashi. Na ce Hajiya asibiti za mu, a gaban facaloli ta ce ke dai kin iya kashe wa ɗana kuɗi. Ban tanka ba, na tari adaidaita.

Aka gwada maleriya, babu. Likitar, wata matashiya, Allah ya saka mata da alheri, ta zaunar da ni ta ce Maman Auta wannan dengi ne, shi lokacin da zazzaɓi ya sauka ne ma ake jin tsoro. Ta nuna min takarda, ƙwayoyin da ke tsayar da jini, filatilet, na mai lafiya daga 150,000 ne zuwa sama, nashi bai kai rabi ba, fararen ƙwayoyin jini sun yi ƙasa, PCV kuma, wato ma'aunin yawan jajayen ƙwayoyin jini, sai hawa yake don ruwan jini na tsiyayewa daga jijiyoyi, ni da na ɗauka PCV ya hau abin murna ne. Da na ambaci ibuprofen ta riƙe baki, ta ce shi da asfirin ƙara zubar jini suke, farasitamol kaɗai. Dengi ba shi da maganin kansa, ƙarin ruwa ne da ɗiban jini kullum ana dubawa.

Sai ƙarshen 2023 da cutar ta ɓulla a Sakkwato na ji sunanta a rediyo, lokacin Hajiya ta rasu, Allah ya jiƙanta, na yafe amma maganar nan ta ƙi barina.

Sauron da ke kawo dengi da rana yake cizo, a ruwa mai tsabta yake ƙwai, irin durom ɗinmu biyu da ke tsakar gida a buɗe. Kwana huɗu muka yi a asibiti. Hajiya ta zo da kunu a filas, ta daɗe tsaye tana kallon robar ƙarin ruwan, sannan ta tambaye ni nawa aka kashe.