Abin da ke sa ma'aikacin gidan abinci ya zauna

Masu gidajen abinci a Kano da Kaduna sun saba kukan cewa ma'aikata ba sa zama: a koya wa yaro aiki, da hannunsa ya faɗa sai ya tafi. Wasu sukan ɓullo da kyautar gwarzon wata don magance haka. Ba ta cika aiki ba, domin mutum ɗaya take farantawa, kuma kusan kullum mai kai abinci tebur ne ke samu, tunda shi ake gani. Mai tuƙin tuwo da mai wanke-wanke suna can baya cikin zafi, babu mai tuna su.

Farkon abin da ke kwantar wa ma'aikaci hankali shi ne albashi a ranar da aka yi alkawari. A 2024 an mayar da mafi ƙarancin albashi a Nijeriya naira 70,000, amma dokar ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, ga shi yawancin gidajen abincinmu ƙanana ne. Saboda haka, a batun yawan albashi, adalcin mai gida ne kawai kariyar ma'aikatan.

Sai tukwici, inda rigima ta fi yawa. Yanzu kwastoma da POS ko tiransifa yake biya, idan ya ƙara wani abu don yaran, asusun mai gida yake shiga. In ba a rubuta shi, ya ɓace, kuma ma'aikata suna sane. A ajiye littafi, mai karɓar kuɗi ya rubuta nan take, a raba duk ƙarshen mako a gaban kowa. A ganina kashi 60 ga masu hidimar tebur, 40 ga 'yan kicin da masu wanke-wanke, ya yi daidai.

Yankan albashi kan fashewar faranti kuwa yana rushe duk wani alheri. Dokar ƙwadago ta yarda da cire kuɗi ne kawai idan da ganganci ko sakaci aka yi ɓarnar, kuma sai da rubutaccen izinin jami'in ƙwadago.

A ba ma'aikata abinci irin wanda ake sayarwa, ba ƙanzo ba, da hutun kwana ɗaya a mako. A watan azumi, da ake tashi aiki cikin dare, a ƙara kuɗin mota, a kuma faɗi adadin goron Sallah tun farkon wata.