Wushiryar Hajiya da sauran abin da kwas ɗin gyaran haƙori ya koya min a Jidda

Shekara shida na yi ina aikin haƙori kafin in shiga kwas ɗin nan, ciko ne, cire haƙori ne, wanki ne, kullum dai abin da aka saba, har ni a raina gani nake hannuna ya faɗa. Maganar takardu ba zan tsaya a kanta ba, duk wanda ya yi aikin asibiti a Saudiyya ya san zaryar tantance shaida ta DataFlow da jarrabawar Prometric kafin hukumar lafiya ta ba ka rajista. Abin da ya faru bayan na shiga shi nake son faɗa.

Satin farko aka sauke min girman kai. Malaminmu wani dattijo ne ɗan Masar, ba ya ɗaga murya ko kaɗan, ya miƙa wa kowa haƙorin roba na gaba ya ce a feƙe shi don biniya, wato ɗan siririn tangaran ɗin nan da ake mannawa a fuskar haƙori, kuma kar a ci fiye da rabin milimita. Minti goma na gama ina hura hanci. Ya ɗauko ma'auni ya gwada, ashe a wajen wuyan haƙorin kusa da dadashi na ci kusan milimita guda. Cewa kawai ya yi, da a bakin mutum ne ka wuce ɓawon ka faɗa cikin ɓargo, je ka sake. Sau tara na sake wallahi.

Dalilin wannan tsananin kuwa shi ne yawancin aikin adon haƙori na zamani a kan mannewa ya dogara, kuma manne ya fi kama ɓawon haƙori na waje mai tauri. Tun 1955 wani Ba'amurke Buonocore ya gano in aka shafa wa ɓawon asid yana yin ƙananan ramuka da gam zai shige ya riƙe, shi ne har yau muke sa asid ɗin fosforik mai ƙarfin kashi 37 na ɗan daƙiƙu mu wanke. Amma layin da ke ƙarƙashinsa, wanda malam ya kira ɓargo, jiƙaƙƙe ne, riƙonsa bai kai ba, ga tsami da mutum zai dinga ji in ya sha ruwan sanyi. Kuma ɓawon nan in ka ci shi ya tafi kenan, ba gashi ba ne balle ya sake tsirowa.

Kuskuren da har yanzu nake jin kunyarsa na launi ne. Wata yarinya ɗaliba ta zo haƙorinta na gaba ya gutsure, na sa robar da ake kange haƙori da ita daga yawu, na gyara wuri tsaf sannan na tuna ban zaɓi launi ba, sai na ɗauko allon VITA mai launi 16 da ake gwada launin haƙori da shi, na kara a jikin haƙorin na ga A1, wato mai haske sosai. Na jera kamfozit, wato farin ciko mai launin haƙori, sala-sala, kowane bai wuce milimita 2 ba, ina haska fitilar da ke sa shi ya yi tauri, na goge ya yi sheƙi, har hoto na ɗauka don in nuna. Bayan sati ta dawo tana rufe baki da mayafi. Cikon ya fito fari fat kamar an ɗiga alli, don haƙori in ya bushe na ƴan mintuna fari yake ƙarawa, da ya sha yawu ya koma launinsa na asali sai nawa ya tsaya shi kaɗai. A3 ce ashe, wadda ta fi A1 duhu. Na kankare na sake kyauta, malam bai ce min komai ba, hoton farko da na biyu kawai ya sa a allo gaban kowa. Tun ranar launi nake fara dubawa kafin in taɓa komai, a goge jan baki, a matsa kusa da taga, in kuma mutum ya yi bilicin ɗin haƙori sai ya jira sati biyu.

Toh sai Hajiya. Daga Makka ta zo, can wajen Shari'a Mansur inda ƴan uwanmu suke da yawa, santsin banɗaki ya kayar da ita haƙoranta biyu na gaba suka fashe. Ni da wani abokin karatuna Balarabe muka tsara aikin a kwamfuta, shi kuma da ya ga tazara tsakanin haƙoran ya rufe ta, tunda a littafi aibi ce da ake gyarawa, ni ma kuma ina zaune ban ce uffan ba, abin haushi. Allah ya taimaka ƙa'idar kwas ɗin ba a feƙe haƙori sai an yi gwaji, a gina siffar da kakin zuma a lab a kwafo ta a ɗora a baki da kayan wucin gadi mutum ya gani. Na miƙa mata madubi, ta daɗe tana kallo.

"Likita ina wushiryata?"

Na fara kame-kame, Hajiya ai cewa muka yi a haɗe su ya fi tsari. Ta ce ɗan nan, da wushiryar nan aka gan ni aka aure ni, ka mayar min da abata. Sai da na yi wa malam bayani cewa a wajenmu ado ce, ana ma yabon mace da ita. Ya ce in rubuta a fayil in gyara zanen. Muka yi mata biniya biyu da wushiryarta daram. Shi ya sa tallan murmushin Hollywood da ya cika titunan Jidda ba ya burge ni, kowa haƙori iri ɗaya fari ƙal kamar faranti, kuma na ga waɗanda aka feƙe wa lafiyayyun haƙora kusan 20 don shi. Haƙorin Makka ma da alhazanmu ke sawa ba na kushe shi, kakata tana da shi, sai dai yawanci kifa shi ake yi ba tare da ya zauna daidai ba, abinci ya dinga maƙalewa, dadashi ya kumbura, ranar da ka cire ka tarar da kogo a ƙasa.

Babban aikina na kammalawa wani Baba ne tsohon direba daga unguwar Karantina ta Jidda, haƙoransa duk sun cinye sun koma rabi saboda cizon haƙora cikin barci da ƙwannafi da lemun kwalba. Irin wannan bakin ba a fara shi da kirawun, wato hular da ake kifa wa haƙori, babu ma wurin sa shi don muƙamuƙi ya riga ya rufo. Sai da aka fara da dadashi, aka tura shi likitan ciki, ciwon sugan da yake da shi ma ya daidaita, sannan muka auna muƙamuƙinsa muka ɗora a na'urar da ke kwaikwayon tauna muka ɗaga cizon da ƴan milimita, ya zauna da na wucin gadi wata uku muna duba ko yana tauna lafiya, ko harafin "sa" da "fa" suna fita daidai in yana magana. Kullum ya zo sai ya ce ɗana wai yaushe za a gama ne, kuɗin mota ya ishe ni. Ni kuma in ce Baba a ƙara haƙuri. Tangaran iri biyu muka yi aiki da su, a turame muka sa zirkoniya don ƙarfi, a gaba e.max don kyau, kuma kowanne da yadda ake shirya shi, e.max asid ɗin haidurofulorik yake so na daƙiƙa 20, zirkoniya kuwa asid ɗin ba ya cin ta, sai an feshe ta da yashi na musamman an shafa nata maganin. Wata rana saura kaɗan in yi wa ɗaya shirin ɗayan, nas ce ta riƙe min hannu.

Da muka gama na ba shi robar da zai dinga sawa da dare, ya kalle ta ya ce wannan ai takunkumi ne. Bayan wata shida ya dawo da ledar dabino, yana ba ni labarin ya ci gasasshen nama ranar Sallah karo na farko cikin shekaru, na duba na ga gefen fiƙa ɗaya ya ɗan ɓantare. Na ce Baba ina takunkumin? Ya ce yana cikin durowa, jikokinsa ke masa dariya. Na goge wurin, na sake auna shi don a yi masa wata mai laushin gefe, na ce ya dawo bayan wata uku ya zo min da ita in ga alamar haƙori a jikinta.