Abin da na koya wajen ƙirgar maƙesu

Daren farko da malaminmu na nazarin ƙwari ya tura mu bakin fadama ƙirgar maƙesu, na tafi da tocila mai hasken gaske, ina ji da kaina. Na haska nan, na haska can, na dawo da takarda kusan fayau. Da safe ya duba, ya ce, "Kai ka kore su. Zance suke yi da haske, ka shiga tsakani kana ihu."

Washegari na kashe tocilar na zauna a kan dutse. Sai da na yi kamar minti 20, sauro na ta cizo, kafin idona ya saba da duhu. Can na fara gane cewa ƙyallin nan ba barkatai ba ne. Namiji ne ke yawo a sama yana ƙyaftawa, macen tana laɓe a ciyawa, in ya yi mata sai ta amsa. Kowane iri da salonsa, kuma irinsu ya haura 2,000 a duniya. Na kama ɗaya a tafin hannu, ƙarshen cikinsa yana kunnuwa yana mutuwa, amma ko ɗumi babu. Wani sinadari ne, lusiferin, ke haɗuwa da iskar oksijin ya ba da haske, ba ƙuna.

Inda na fi shan kunya shi ne rahotona. Na rubuta cewa maƙesu ƙwaro ne mai gajeren rai, makonni kaɗan ya mutu. Malam bai ce komai ba, ya miƙo mini ɗan cebur, muka koma wurin da rana. Ƙarƙashin ruɓaɓɓen ganye muka tarar da wata tsutsa baƙa, shimfiɗaɗɗiya, jikinta gaɓa-gaɓa, ta cusa kai cikin ƙwanson dodon koɗi. Maƙesu ke nan. Uwar kan zuba ƙwai a ƙasa mai laima, su ƙyanƙyashe bayan mako 3 zuwa 4, tsutsar kuma ta yi watanni, wasu har shekara 2, tana farautar dodon koɗi da tana. Takan tsira musu wani ruwa da ke kashe jikinsu ya narkar da naman, sannan ta zuƙe. Ita ma tana haske, gargaɗi ne ga mai son cinta cewa ba ta ciyuwa. Sai daga baya ta kwanta a ƙasa ta rikiɗa, ta fito da fiffike. Wasu ma daga nan ba sa ƙara cin komai.

Ashe ƙarshen labarin kawai nake ƙirgawa. Dole na sake rahoton daga tushe, na ƙara shafi a kan laimar ƙasa da ganyen da ke zube, na kuma koma na mayar da duk wani kututturen da na birkice yadda na same shi.