Wasiƙar Truman zuwa ga tsohon mai haƙar zinariya

Jiya da daddare an ɗauke wuta, ina kwance da waya a hannu sai na faɗa labarin wasiƙun Harry Truman da Herbert Hoover, tsofaffin shugabannin Amurka biyu, wallahi kafin in ankara caji ya kusa ƙarewa.

Shi Hoover an fi saninsa da cewa shi ne shugaban Amurka da tattalin arziki ya ruguje a hannunsa, 1929 zuwa 1933. Amma asalin sana'arsa injiniyan haƙar ma'adinai ne, ya gama jami'ar Stanford a 1895, ya tafi jejin yammacin Ostareliya yana shiga ramukan zinariya, daga can ya wuce Sin, kuma tun kafin ya cika shekara 40 ya riga ya yi kuɗi. Lokacin yaƙin duniya na farko shi ya tsara yadda aka riƙa kai wa miliyoyin mutanen Beljiyam abinci. Sai Franklin Roosevelt ya kayar da shi a zaɓen 1932 ya zama shugaba, shekara 12 ba wanda ya neme shi a fadar gwamnati, hatta madatsar ruwan da ke ɗauke da sunansa aka koma ce mata Boulder. An mayar da shi saniyar ware dai.

Roosevelt ya rasu a Afrilun 1945, mataimakinsa Truman ya hau mulki, Turai kuwa yunwa ta yi mata katutu. Ran 24 ga Mayu Truman ya ɗauki alƙalami da hannunsa, ba sakatare ba tafireta, ya rubuta wa Hoover 'yan layuka cewa in ya shigo Washington zai so su zauna kan maganar abincin Turai. Ku lura fa, jam'iyyarsu ba ɗaya ba ce, mutanen Roosevelt da ke gwamnatin ko jin sunan Hoover ba sa son yi. Kwana 4 bayan nan sai ga Hoover a fadar.

Abin da ya burge ni shi ne Truman ba tausayi ne ya sa ya kira shi ba, aiki yake so a yi masa. Mutumin da ya saba lissafin tan nawa za a fitar daga rami da jirgi nawa zai kwashe, shi ne zai iya faɗa maka alkama nawa ake buƙata kafin kaka. A 1946 Hoover yana da shekara 71 ya zagaya ƙasashe 38 yana wannan lissafi, a 1947 kuma aka fara shirinsa na ciyar da 'yan makaranta a Jamus, har yau tsofaffi can da sunansa suke kiran abincin. A shekarar ce Truman ya sa hannu madatsar ta koma sunan Hoover.

Kada ku ɗauka zuma ce zalla. A kamfen ɗin 1948 Truman ya yi ta caccakar sa a kan dandamali, ɗan siyasa dai ɗan siyasa ne, Hoover ya ji zafi amma wasiƙu ba su yanke ba. Da aka kawo fanshon tsofaffin shugabanni a 1958 Hoover bai buƙatar ko sisi, ya karɓa ne kawai don kada Truman, da ba shi da hali, ya ji kunyar karɓa shi kaɗai.

Oktoban 1964 Truman ya zame a banɗaki ya karya haƙarƙari. Hoover yana kwance ba lafiya a New York, shekara 90, ya sa aka buga masa talgiram yana tsokanarsa wai bahon wanka bala'i ne ga tsofaffin shugabanni. Ba a yi sati ba Hoover ya rasu.